Madugu Ba Shi Ke da Kaya Ba: Sharhi a kan Wasan Kwaikwayon Tebur

GABATARWA

A dogon hutun da ya wuce na sauka gidan kawuna a G.R.A. ta Katsina, da niyyar in sami wurin da ba hayaniya in ƙarasa wani aiki da malaminmu na adabin baka ya ba mu. Shiru kam na same shi, har ya yi mini yawa. Duk wanda ya tashi cikin birni kamar ni ya san da zarar an idar da sallar lisha yara sun cika ƙofar gida, 'yan mata na gaɗa, tsofaffi sun baje tabarma ana tatsuniya. Ita kuwa G.R.A., wadda Turawan mulki suka keɓe wa kansu a bayan ganuwa, har yau ba ta sake hali ba: gida nesa da gida, katanga doguwa, ƙofar ƙarfe da maigadi a bakinta. Ba dandali, ba zaure. Yaran gida kowa na ɗakinsa ya duƙufa a kan wayarsa.

Ran nan da dare sai na jiyo gardama daga ɗakin cin abinci. Ko da na leƙa, sai na iske taubashina, watau babban ɗan kawun nawa, ya tara ƙannensa uku da wani ɗan maƙwabta, gaban kowa da takarda da fensir. A tsakiyar tebur kuma ga wasu ƙwayoyi irin ɗan lido, amma wani fuskarsa takwas, wani goma sha biyu, wani har ashirin. Na jawo kujera na zauna. Abin da na gani a wannan dare, da abin da ni kaina na aikata bayan kwana uku, su ne zan yi sharhi a kansu.

Watakila wani malami ya ce me ya kawo wasan yara cikin mujallar adabi. To, wasan nan labari ne da ake ƙagawa da baki. Yana da jigo, yana da taurari, yana da zubi da salo, ana kuwa yin sa ne gaban masu sauraro waɗanda ke sa baki. Duk abin da ya tara waɗannan ya shigo gonar masu nazarin adabin baka, ko daga ina ya fito. Ra'ayin da nake so in kare shi ne, ana auna kyan wannan wasa da yawan labarin da ya fito daga bakin 'yan wasa, kuma dabarun da mai jan wasan ke bukata don haka ta samu, adabinmu na gargajiya ya riga ya tanade su tun tuni.

YADDA WASAN YAKE DA ASALINSA

Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna. Kowa ya ƙagi tauraro guda ya zama shi, ya rubuta sunansa da gwanintarsa da abin da ya mallaka. Mutum ɗaya kuma ba ya ɗaukar tauraro. Shi ke faɗin inda ake da abin da ake gani, shi ke magana da bakin duk wanda aka gamu da shi a hanya, shi ne kuma alƙali. Alal misali zai ce, "Kun iso bakin kogi, ruwa ya kawo, jirgi kuwa guda ne. Me za ku yi?" Sai kowa ya faɗi abin da tauraronsa zai yi. In abin mai wuya ne a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Ba a hawa dandamali, ba a haddace komai, ba kuma wanda ke cinye wani. In wasa ya yi armashi kowa ya ci riba, in ya lalace an yi hasara tare. Turawa suna kiran mai jan wasan da sunan da ke nufin ubangidan wasa. Ni dai madugu zan kira shi, 'yan wasa kuma 'yan ayari, don dalilin da zai bayyana nan gaba.

Tushen abin daga barikin soja yake. A 1824 wani hafsan sojan Farusha, a ƙasar Jamus ta yanzu, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan koyon yaƙi a kan taswira, da alƙali a tsakani mai yanke hukunci. A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da littafin Little Wars don masu wasa da 'yan sojan dalma a gida. Sai a 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka buga Dungeons & Dragons a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. Sabon abin da suka kawo shi ne, maimakon mutum ya ja runduna, sai ya zama mutum guda mai suna da hali. Littafin da taubashina ke riƙe da shi bugu na biyar ne na wannan wasa, wanda ya fito a 2014. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan tarihi, domin shi ya sa mafi yawan ƙa'idojin littafin a kan sara da suka suke.

DAREN FARKO

Taubashina ya buɗe littafi ya fara karantawa, rabi Turanci rabi Hausa. Ya ce taurarin sun haɗu a wata mashaya, a wani gari mai sunan da ba wanda ya iya maimaitawa, ƙanƙara na zuba a waje. Ɗaya wai daga cikin wasu mutanen daji ne masu dogon kunne, ɗaya kuma wada ne mai haƙar ma'adinai. Wani tsoho ya ba su taswira, ya ce su tafi wani kogo su kashe wani ƙaton ƙadangare mai fiffike da ke aman wuta yana gadin zinariya. Da ya rasa sunan da zai kira halittar da Hausa, sai ya ce dodo.

Autar gidan, 'yar shekara goma sha biyu, ta ɗaga hannu kamar a aji. Ta ce, "Yaya, shi dodon mi yake so?" Ya buɗe shafi, ya koma wani, sa'an nan ya ce, "Dodo ne kawai, kashe shi za ku yi." Ta ce ita in sun isa sallama za ta yi masa ta tambaye shi. Ya ce babu wannan a labarin. Ba a yi awa guda ba aka gamu da masu gadin kogo, ta jefa ɗan lido ya ba ta ɗaya, abokan gaba suka jefa ya ba su ashirin, tauraruwarta ta mutu. Ya ce ƙa'ida ce, ba shi ya yi ba. Ta zauna ta yi tagumi na ɗan lokaci, ta tashi ta koma ga wayarta. Sauran suka ci gaba har awa uku, kusan biyu daga ciki shi kaɗai ke magana.

Ana dab da tashi Kawu ya shigo. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Wanga ba caca ba ce?" Taubashina ya ce, "A'a Baba, ba a sa ko kwabo." Kawu ya ce ya ji, amma akwai hadisi cikin Sahihu Muslim da ya yi hani ga wasan nardi, malamai da yawa kuwa sun haɗa duk wasan jifa irin wannan a cikinsa. Labari dai su yi ta yi har asuba, amma ƙwayoyin nan kada ya sake ganinsu a gidansa.

INDA AKA KUSKURE

Kafin in faɗi laifi bari in faɗi yabo. Taubashina ya yi abin da ba wanda ya iya a gidan: ya fito da yara huɗu daga ɗakuna ya zaunar da su suna kallon fuskar juna. Ya kuma iya sauya murya, ya iya tsai da magana daidai inda rai ke son jin saura. Kurakuransa huɗu ne a ganina.

Na farko, muhallin aro. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Yaron Katsina bai taɓa shiga mashaya ba, bai taɓa taka ƙanƙara ba, bai san yadda mai dogon kunne ke gaida surukinsa ba. Wanda bai san al'adar wuri ba kuwa ba ya iya ƙaga magana a cikinsa. Don haka duk lokacin da aka tambaye su abin da za su yi, amsa guda ce: "Na sare shi." Sara shi ne kaɗai abin da ba ya bukatar sanin gari.

Na biyu, harshe. Na lura duk sa'ad da suke cikin wasa maganarsu guntu-guntu ce, kalma uku ko huɗu ta Turanci. Amma da gardama ta sarƙe a kan wa zai riƙe taswira, sai suka juya Hausa, habaici da gatse da ba'a suka ɓarke, har na ji karin magana biyu daga bakin yaron da na zaci bai san ko ɗaya ba. Watau fasahar tana nan, a wajen wasan aka bar ta.

Na uku, kuma mafi girma, tsarin labari. Tambayar auta ita ce tambaya mafi kyau da aka yi a daren, ita ce kuma aka kashe. Dodon tatsuniyarmu ai ba ya zama haka kawai a jira a kashe shi. Yana son mata, yana bin bashi, yana ƙulla alkawari, ana kuma yi masa wayo. Duk wanda ya duba Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, ko Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, zai ga sau da yawa da dabara ake kuɓuta daga hannunsa. Da taubashina ya ce dodo, yarinyar ta ɗauko dodon da ta sani, mai bukata, wanda za a iya ciniki da shi. Shi kuwa ya riga ya san ƙarshen labarinsa tun kafin a zauna, sai ya toshe duk hanyar da ba ta kai can.

A nan ne nake ganin ya kamata a bambance madugu da akun Magana Jari Ce. Aikin da Abubakar Imam ya ɗora wa aku a littafi na ɗaya shi ne ya riƙe Musa a zaune da daɗin labari, kada ya fita. Gwanintarsa ita ce mai sauraro ya kasa motsi. Wanda ya kwaikwayi aku a wannan wasa ya ɓata shi, domin a nan so ake mai sauraro ya motsa, ya yanke shawara, ya ɗauki abin da ta haifar.

Na huɗu, faɗuwa. An bar jifa guda ya kori yarinya daga wasa tun dare bai yi nisa ba. Dubi yadda ka-cici-ka-cici ke yi da wanda ya kasa. Ba a korarsa. Cewa ake ya ba da gari, ya ce na ba ka Daura, ko na ba ka Maraɗi, mai tambaya ya karɓa ko ya raina ya nemi wanda ya fi, sa'an nan a faɗi amsa a ci gaba. Ya yi hasara, an yi masa dariya, amma yana nan zaune, zagaye na gaba ma shi zai ƙulla tasa. Masu tsara irin wannan wasa a Turai da Amurka sun daɗe kafin su iso nan. A wasan Apocalypse World na Vincent Baker, wanda ya fito a 2010, ana jefa ɗan lido biyu masu fuska shida. Daga 10 zuwa sama nasara ce tsantsa, daga 6 zuwa ƙasa an faɗi, daga 7 zuwa 9 kuwa an samu amma da hasara. In mai karatu ya lissafa hanyoyi 36 da jifa biyu ke iya faɗuwa, kafin a ƙara wa tauraro makin gwanintarsa, zai ga 6 ne kawai ke ba da nasara tsantsa, 15 faɗuwa, 15 kuma wannan matsakaici. A matsakaicin nan labari ke samun abinci, shi ne kuwa ba da gari.

DARE NA BIYU

Tsakanin taubasai ba a ɓoye magana. Na zayyana masa waɗannan duka, har da ƙari. Ya ce to, mai baki, gobe jibi kai za ka ja. Na ce na yarda.

Na fara da muhalli. Na ɗauko fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wanda Paul Lovejoy ya yi wa littafi sukutum, Caravans of Kola, da aka buga a Zariya a 1980. A da fatake kan tashi da kanwa da tufafin rini a kan jakuna, su bi ta Yawuri su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu ta Nikki da Zugu, su wuce Sansanin Mangu da Yandi har Salaga, tafiyar watanni. A ayari akwai madugu, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai uban dawaki, akwai mata masu girki. Shi madugu ya san hanya, shi ke zaɓen zango, shi ke ciniki da sarakuna a kan kuɗin wucewa. Amma kayan da ke kan jakuna na fatake ne, riba tasu, hasara tasu. Dalilin sunan da na zaɓa ke nan.

Ban fara labarin daga Katsina ba. Na fara shi a Salaga, an riga an ɗaure huhu, an fuskanci gida, ana so a iso kafin kasuwar Salla. Goro kuwa ba ya son jinkiri: sai ana kwance shi ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya lalace kada ya shafi saura. Saboda haka ban taɓa cewa su yi sauri ba. Goron ne ke kora su.

Maimakon takarda mai cike da lambobi, na ce kowa ya yi wa tauraronsa kirari layi ɗaya, amma lalle ya ƙunshi gwanintarsa da kuma rauninsa. Ɗan maƙwabta ya zama maharbi, ya ce shi ne mai kibiya ɗaya, ba ya harbi sai ya ga ido, ba ya kuma ganin goro ya ɗauke kai. Auta ta zama mai tuwon ayari, ta ce ita ce Ta-Zango, tukunyarta ba ta jiran sarki, bakinta ba ya jiran tambaya. Sa'an nan na sa ɗaya ya zama Bafillace, ɗaya Babarbare. Ban ƙara musu bayani ba, domin kowane yaro ya san wasan da ke tsakanin waɗannan, kamar yadda ya san na Kanawa da Zagezagi, ko na Katsinawa da Nufawa. Tun kafin ayari ya ɗaga suka fara tsokanar juna, kuma barkwanci ya zo da iyakarsa, ba sai na gindaya ba.

Batun ɗan lido kuwa, hukuncinsa fagen malaman fiƙihu ne, umarnin mai gida kuma ya ishe mu. Wasan ba ya mutuwa don an ɗauke shi. Tun 1991 Erick Wujcik ya fitar da wasan Amber wanda ba a jefa komai a cikinsa. Na raba wa kowa ƙwallon dabino biyar. Abin da ke cikin sana'arka ka yi shi kyauta. Abu mai wuya da ba sana'arka ba, ko ka biya ƙwallo guda ka samu lafiya lau, ko ka riƙe abinka ka samu da hasara. In kuwa ka bi raunin da ke cikin kirarinka har ya jawo wa ayari wahala, sai in mayar maka da ƙwallo ɗaya. Da maharbi ya saci goro bakwai daga huhun wani aka kama shi, ya sami ƙwallo, mu kuma muka sami rigimar da ta ci mana rabin awa cikin dariya.

Na buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," suka amsa "Ta zo mu ji ta." Mun saba da wannan har ba mu lura da cewa tatsuniya ba ta farawa sai masu sauraro sun ba da izini.

Wurin da wasan ya fi yin kyau shi ne bakin Kwara. Sarkin fito ya ce ba mai ƙetarewa sai an ba shi huhu ɗaya cikin kowane biyar. Maharbi ya ce a yi faɗa. Bafillace ya ce a bi gaɓa a nemi wani mashigi, aka tuna masa goro. Suka yi ta musu, ni kuwa na naɗe hannu ina sha ruwa. Can sai auta ta ce, "Yaya, shi sarkin fiton mi yake so?" Wannan karo na shirya mata. Ban faɗa mata ba, na ce ta nemo. Ta ce ta tuƙa tuwo ta kai wa uwargidansa, ta zauna taya ta tsinkar zogale. A nan ta ji cewa aurar da ɗiyarsa zai yi, ya yi wa dangin ango alkawarin farin goro, bai kuwa samu ba. Da ƙwarya biyu ta farin goro, watau ɗari biyu, ayari duka ya ƙetare. Ba ni na ƙagi wannan mafita ba. Bukatar mutumin kawai na tanada, saura nata ne.

LAIFI TUDU NE

Yanzu sai nawa kuskuren, wanda ya fi na taubashina muni, tun da ni na riga na san ƙa'idar. Na ƙagi wani dillali mayaudari da ke bin ayarin daga zango zuwa zango, na gina shi a kan Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, littafin da Imam ya rubuta don gasar 1933 yana malami a makarantar Midil ta Katsina. Abokin gaba mai dawowa dabara ce mai kyau, domin 'yan ayari kan riƙe shi a rai fiye da dodo goma da aka kashe aka wuce. Amma sai na ƙaunaci mutumin nawa. Yaran suka haɗa kai, suka ɗana masa tarko a zango, suka biya ƙwallo takwas tsakaninsu, suka ɗaure shi a gindin tsamiya. Ni kuwa na tanadar masa wani babban fage a ƙofar gari. Sai na ce, "Da gari ya waye kuka iske igiya a ƙasa, ya tsere."

Ɗakin ya yi tsit. Ɗan maƙwabta ya tattara ƙwallayen da suka rage masa ya turo gabana. Ya ce, "Ga su nan, Yaya, tun da ba su da amfani." Taubashina ya kalle ni yana murmushi, bai ce uffan ba.

Imam yana da ikon kuɓutar da Zurƙe duk lokacin da ya ga dama, domin alƙalami ɗaya ne a littafin. A tebur alƙaluma shida ne. Na ce na yi kuskure, mutumin yana nan ɗaure, me za ku yi da shi? Suka yi shawara, suka ɗora masa huhu ya ɗauka a ka har Katsina, da aka iso kuma suka sa shi ya sayar musu da goron, tun da ba wanda ya kai shi iya baki. Ƙarshen nan ya fi wanda na tanada nesa ba kusa ba.

SHAWARA GA MADUGU DA 'YAN AYARI

Ga madugu, ka tanadi wuri da mutane da bukatar kowannensu, ka bar ƙarshe a buɗe. Ka ɗauko muhallin da 'yan ayarinka suka san gaisuwarsa da kunyarsa. Katsina kaɗai ta ishi mai nema: ga labarin kokawar Korau da Sanau, ga hasumiyar Gobarau, ga kusheyin Durɓi, ga hanyar rairayi zuwa Agadas. Ka sa wani abu da ke lalacewa in an yi jinkiri. Kada faɗuwa ta tada mutum daga tebur. A karɓi gari, a ci gaba. Ka riƙa zagayawa da tambaya, musamman ga mai shiru. In ka ga 'yan ayari na musu tsakaninsu da bakin taurarinsu, to kama bakinka, wasan ne ke tafiya.

Tun kafin a fara kuma a yi yarjejeniya a kan abin da ba za a taɓa ba. Magabata sun san wannan. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gabansu, su nuna musu halinsu, amma da lokacinsa da wurinsa. A kalankuwa samarin ƙauye kan naɗa gwamna da alƙali da 'yan sanda bayan an kau da amfanin gona, kowa ya girmama muƙamin har a watse, da an watse kuma gwamna ya koma ɗan gidansu. Yaron da ya manna gemun auduga a tashen watan azumi ba wanda ke bin sa gida da maganar da ya yi. Haka nan rufe tatsuniya da ƙurunƙus yana raba ƙarya da gaskiya. Madugu ya rufe nasa wasan a fili, kada rigimar zango ta bi yara har ɗakin kwana.

Ga 'yan ayari kuma, ka ba tauraronka abin da yake so, da abin da yake tsoro, da wanda yake jin kunya. Ka yi magana da bakinsa, da Hausar da ta dace da shi. Yadda bafatake ke ciniki dabam, yadda almajiri ke roƙo dabam. Kada kullum ka zama Gizo mai cin amanar abokan tafiya, domin Gizo guda ke da daɗi a tatsuniya, in suka kai huɗu ba ayari. In ɗan'uwanka ya kawo shawara ka ɗora a kanta. In fagen wani ne ka bar masa. Ka kuma riƙa tambaya irin ta auta.

KAMMALAWA

Muna cikin sayar da goro a ƙarshen labari na hangi Hajiya, matar Kawu, tsaye a bakin ƙofa, ashe ta daɗe tana saurare. Ta ce ba a shigo da ayari gari haka tsit, sai an aika a gaba an sanar, mata sun fito tarye da guɗa. Ta jawo kujera ta nuna mana yadda ake yi. Auta ta ce in za a koma Gwanja, Hajiya ce uwar ayari.

Ina ba ƙungiyarmu shawara ta gwada wannan wasa ko sau ɗaya a ɗakin taro, da Hausa zalla, a naɗi muryoyin a rubuta. Sa'an nan a ƙirga layin da madugu ya faɗa da na 'yan ayari, a duba karin magana da habaici nawa suka fito ba tare da an shirya ba. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai sami abin yi a ciki, malamanmu kuma su gaya mana ko rukunin tatsuniya za a sa shi ko na wasan kwaikwayo. In wani ya ga na yi son kai wajen auna taubashina, shafin mujallar nan a buɗe yake, shi ma ya ce zai rubuto nasa.